Lambobin ma'auni a inbois: H87, C62 ko EA? Kuma me ya hana TON shiga?

Sabon_Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu harkar fitar da kaya da shigo da su ku ɗan haska min nan. Kamfanin da ke sayen kaya a hannunmu ya ce daga yanzu ba ya karɓar inbois na PDF, sai irin na lantarkin nan da kwamfutarsu ke karantawa kai tsaye ba tare da mutum ya sake shigarwa ba. Komai yana tafiya daidai sai an zo gurbin ma'auni, in an sa PCS ko TON ko KG sai ya dawo da jan rubutu wai bai san wannan kod ɗin ba. Sun turo min wani fayil na Excel mai layi sama da dubu, KGM, TNE, MTK, H87, C62, har da wasu masu farawa da X, suka ce in zaɓa daga ciki.

Kayan iri uku ne, wayar lantarki a naɗe, tayil a katan, sai wani garin sinadari a buhu da ake cinikinsa da tan. To wa ya ƙirƙiro wannan jerin, doka ce ko son ran kamfanin ne? Kuma in ina son in ce guda ɗaya wanne zan sa tunda na ga kamar guda uku ne ke nufin haka? Katan da buhu fa, su ma ma'auni ne? Na gode, Allah ya saka.

Injiniyan_Manhaja ya rubuta:

Wa alaikumus salam malam. Ba son ransu ba ne, jerin da suka turo maka na Majalisar Ɗinkin Duniya ne, ana ce masa Shawara ta 20 ta UNECE, wato hukumar tattalin arzikin Turai ta majalisar mai ofis a Janiba, kuma sashenta da ake kira UN/CEFACT ne ke kula da shi. Tun 1985 aka fara fitar da shi, ana ta sabunta shi, sabuntawa ta 17 ta fito a 2021. Dalilin yinsa kuwa a fili yake, kwamfuta ba ta da hankalin da za ta gane cewa kg da KGS da kilo da Kgs. duk abu ɗaya ne, shi ya sa aka ba kowane ma'auni kod ɗaya tak mai harafi biyu ko uku wanda ba ruwansa da yaren mai saye ko na mai sayarwa. Ƙa'idar inbois ta lantarki ta Tarayyar Turai, EN 16931 da ta fito a 2017, wannan jerin ta ɗauka, haka ma hanyar Peppol da ake tura inbois ɗin ta cikinta, shi ya sa sistem ɗinsu ke tofar da duk abin da ba ya ciki.

Waɗanda za ka fi buƙata ba su da yawa. Kilo KGM ne, giram GRM, tan mai kilo 1,000 TNE, lita LTR, mita MTR, murabba'in mita MTK, mita ta cika wato kubik MTQ, dozin DZN, ƙafa biyu irin na takalmi ko safa PR. Sauran ɗaruruwan da ka gani na injiniyoyi ne da masu ɗakin gwaji da masu sayar da wuta da sabis, irin su KWH na wutar lantarki da HUR na awa da MON na wata, ba sai ka waiwaye su ba.

Maganar guda ɗaya kuma, H87 shi ne guda na kaya, abin da za ka ɗaga ka ƙirga. C62 ma'anarsa ɗaya kawai a lissafi, ana yawan sa shi a abin da ba shi da jiki kamar kuɗin sabis ko cajin dako. EA kuma kowane ɗaya, Amurkawa sun fi sabawa da shi don yana cikin nasu tsarin na tura takardun ciniki ta kwamfuta, X12. Duk ukun suna wucewa, amma ka tambayi mai sayen wanne ya sa a odarsa ka bi shi, domin da yawa sistem ɗinsu yana gwada inbois da oda layi-layi ne, in oda ta ce H87 kai ka ce EA yana iya tsayar da biyan kuɗin har sai wani ya duba da ido.

Masu farawa da X ɗin nan daga wani jerin suke, Shawara ta 21, ta nau'in mazubi. Can katan CT ne, buhu BG ko SA, akwati BX, falet PX, duro DR, naɗi RO. Da aka haɗa jerin biyu a gurbi ɗaya sai aka ce a riƙa sa X a gaba don kar su yi karo, shi ne ka ga XCT, XBG, XRO. Kuma ka yi hattara da XKG, ba kilo ba ne, wata 'yar ƙaramar ganga ce.

Baba_Ejan ya rubuta:

Injiniya ya yi bayani Allah ya ƙara basira, amma ni yaro abin da zan ja kunnenka a kai daban ne. Kod ɗin da sistem ya ƙi karɓa ba shi ne abin tsoro ba, wannan ai gata ya yi maka, ya tsayar da kai tun kaya ba su bar ƙasa ba. Wanda ke kashe ɗan kasuwa shi ne kod ɗin da ya wuce lafiya lau alhali ba shi ake nufi ba.

Ɗauki garin sinadarin nan naka. Ka ce da tan ake ciniki, to wane tan? Tan uku ne a duniya. Na mita kilo 1,000 shi ne TNE. Na Amurka laba 2,000 ne, kilo 907 da ɗan ɗoriya, kod ɗinsa STN. Na Ingila na da, wanda har yanzu ake cin karo da shi a harkar jiragen ruwa, laba 2,240 ne, kilo 1,016, kod ɗinsa LTN. In kun yi ciniki a kan tan 100 kai kana nufin TNE shi yana nufin STN, tsakaninku akwai fiye da kilo 9,000, kuma kowannenku zai rantse bai yi ƙarya ba don kowa tan ya ce. Wannan ne dalilin da ya sa ba a bar TON haka tsirara a jerin ba, an tilasta maka ka faɗi wanne.

Galan ma haka, na Amurka GLL lita 3.785, na Ingila GLI lita 4.546, bambancin ya kai kashi 20 cikin 100 kuma harafi ɗaya ne ya raba su, ga L da I a wasu rubutun kwamfuta kusan kamarsu ɗaya. Oza ma biyu ce, ta kayan yau da kullum ONZ giram 28.35, ta zinariya da azurfa APZ giram 31.1.

Na taɓa ganin takardun wani da aka kawo min in duba bayan kaya sun iso tashar ruwa, inbois ya ce adadi kaza da MTK, takardar jerin kaya ta ce adadin nan dai amma katan, takardar jirgi kuma nauyi kawai ta bayar. Tayil ne irin naka. Jami'in kwastam ya ɗora takardun uku a tebur ya sa biro yana zagaye lambar a kowacce, ya ce a gaya masa wacce ce gaskiya, ba wanda ya iya. Aka fasa kwantena aka sauke falet-falet ana ƙirgawa, kuɗin ajiya na hawa kullum. Ba sata aka yi ba, wanda ya cike fom ɗin ne ya kwafi lambar katan ya zuba a gurbin murabba'in mita.

Saboda haka tayil ɗinka in da murabba'in mita kuka yi farashi, sa MTK, adadin katan ya tafi takardar jerin kaya, ka rubuta ƙarara kowane katan murabba'in mita nawa ne a ciki kuma ƙwaya nawa. Waya in da mita ce MTR, ko da a naɗe take. Mazubi ba ma'auni ba ne sai in da shi aka yi ciniki, tunda katan ba shi da girma ɗaya, buhu ma haka.

Sabon_Shiga ya rubuta:

Baba na gode ƙwarai, Injiniya ma haka. To amma wayar fa da naɗi muka yi ciniki, kowane naɗi mita 100, farashin ma na naɗi ne. In na sa MTR ai sai na raba farashin gida ɗari kuma yana zuwa da ɓurɓushin lambobi bayan ɗigo har jimlar ta ƙi daidaita da ta oda. Sannan na ga MTS a wata tsohuwar takarda daga Indiya an sa shi a matsayin tan, shi kuma fa?

Injiniyan_Manhaja ya rubuta:

In da naɗi aka yi ciniki kuma odarsu naɗi ta ce, sa XRO abinka, sai ka rubuta mita 100 ɗin a bayanin kayan. Abin da Baba ke gudu shi ne a sa mazubi ba a faɗi abin da ke cikinsa ba. In kuma sun nace sai MTR, ba sai ka raba farashi ba, akwai gurbi a inbois ɗin na adadin da aka gina farashi a kai, sai ka ce farashi kaza a kan MTR 100, adadin kaya kuma MTR 5,000 misali, sistem ɗin zai yi lissafin da kansa ba ɓurɓushi. Mutane da yawa ba su san da gurbin nan ba don yawancin manhajoji suna ɓoye shi suna sa 1 a ciki.

MTS kuwa ka taɓo inda ake faɗawa rami. Indiya tana da nata jerin na harajin GST da suke kira UQC, a can KGS ne kilo, NOS adadi, PCS guda, MTS kuma tan na mita. A jerin Majalisar Ɗinkin Duniya MTS mita a daƙiƙa ne, ma'aunin gudu. Kenan in ka kwafo shi daga takardar Indiya ka zuba a naka inbois zai wuce ba jan rubutu ko ɗaya don kod ne halastacce, sai dai ka sayar wa mutum garin sinadari da ma'aunin gudun iska. Sistem ɗin yana duba ko kod yana cikin jeri ne kawai, ba ya duba ko ya dace da kayan.

Hajiya_Akanta ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ta ɓangaren banki zan shigo don ba wanda ya taɓo shi kuma nan ne kuɗi ke maƙalewa. In cinikin da LC ne, takardar lamunin banki, ma'aunin da aka rubuta yana canza haƙƙinka kai tsaye. A ƙa'idojin UCP 600 da bankuna ke bi, sashe na 30, an yarda adadin kaya ya haura ko ya gaza da kashi 5 cikin 100, amma da sharaɗin ba a faɗi adadin da ƙirgen mazubi ko ƙirgen guda-guda ba, kuma kuɗin da za a karɓa kar ya wuce na LC ɗin. Ma'ana in LC ta ce tan 100 ka loda 98 banki ba zai ce komai ba, in kuwa ta ce buhu 4,000 ka loda 3,990 ana iya samun saɓani, sai mai saye ya ga dama ya yafe, kuma in farashin kayan ya faɗi a kasuwa kafin jirgi ya iso kar ka yi tsammanin zai yafe da sauri. Don haka ɗan'uwa garin sinadarin nan ka roƙa a rubuta shi da TNE ko KGM tun daga kwantiragi, buhu ya zama bayani kawai.

Abu na biyu, kod ɗin KGM bai gaya wa kowa ko nauyin kaya zalla ba ne ko har da buhu da falet. Wannan gurbi daban ne kuma dole a cike shi daban. Farashi galibi a kan zallar nauyi yake, kamfanin jirgi kuma jimlar nauyi yake so, tun 1 ga Yulin 2016 ma dokar SOLAS, ta kare rayuka a teku, ta hana a ɗora kwantena a jirgi sai an ba da tabbataccen nauyinta gaba ɗaya har da ƙarfen kwantenar. To kana iya samun lambobi uku duk da KGM a takardun kaya ɗaya kuma duk daidai ne, in dai kowacce ta zauna a gurbinta.

Ni ma'aikacin banki da ke duba takardu ba na ganin laifinsa, bai ga kaya ba kuma ba zai gani ba, takarda kawai aka ba shi.

Ɗan_Adawa ya rubuta:

Ni fa ina ganin ana ƙara wa abin nan gishiri. Sunansa ma shawara, ba doka ba, ba wata ƙasa da aka kama don ba ta bi ba. Amurka na nan da X12 ɗinta mai kod irin su LB da CA da DZ, Indiya da nata, kwastam na kowace ƙasa da nasu jerin a cikin tarif, to ina daidaiton yake? Kuma wane mai hankali ne zai kalli H87 ya ce guda ake nufi, ko C62, gara PCS sau dubu kowa na ganewa. An ce an zo a sauƙaƙa ciniki sai ga shi mutum na neman injiniya kafin ya rubuta guda goma. Kakanninmu a harkar nan da teles da faks suka yi ta tura kaya ƙasa da ƙasa ba H87 kuma kaya suna isa.

Baba_Ejan ya rubuta:

Ɗan_Adawa rabin maganarka gaskiya ce, ba doka ba ce a karan kanta, tana zama dole ne in mai saye ko gwamnati ko hanyar tura inbois ta ɗauke ta, kuma sun ɗauka, to ga wanda ke son a biya shi meye bambancin? H87 kam ni ma ban ga kyansa ba, amma ba don idonka aka yi shi ba, manhaja mai kyau guda za ta nuna maka a allo ta tura H87 ta ƙarƙashi.

Zamanin teles da kake yabo kuwa ni na yi aiki a cikinsa, kaya suna isa amma kowane ofis akwai mutum zaune da kalkuleta da littafin sauya ma'auni yana sake buga abin da wani ya riga ya buga, kuma duk sake bugawa ƙofa ce ta kuskure. Rigimar ƙarancin kaya da ake yi a lokacin ba kaɗan ba ce.

Maganar kwastam da ka kawo ita ce ma ya kamata Sabon_Shiga ya riƙe. Hukumar kwastam ta duniya da ke Brussels, mai tsarin HS na ba kaya lambobi da ya fara aiki a 1988, ta ba kowane layin kaya mai lamba 6 ma'aunin da take so a riƙa ba da ƙididdiga da shi, wani kilo, wani murabba'in mita, wani lita, wani guda, wani ƙafa biyu, wani guda 1,000. Ba ruwansu da yadda kuka yi ciniki. Kana iya sayar da waya da naɗi, fom ɗin kwastam ya ce kilo yake so, sai ka ba shi kilo. Inda ake cajin haraji a kan adadi ba a kan ƙima ba, kamar kaza a kowace lita, kuskuren ma'auni kai tsaye kuskuren kuɗin haraji ne kuma ba za su ɗauke shi a matsayin tuntuɓen alƙalami ba. Shi ya sa nake ce wa yarana kafin a buɗe fom a ɗauki takarda ɗaya a rubuta wa kowane kaya nauyin zalla, jimlar nauyi, ƙwaya nawa, mazubi nawa, da ma'aunin ciniki, daga ita kowa zai kwafa.

Mai_Hatsi_da_Mai ya rubuta:

Ƙarin bayani kaɗan ga masu manyan kayan kasuwar duniya ko da ba su ne kayan mai tambaya ba, don akwai inda kod shi kaɗai ba ya fid da kai. Ganga ta ɗanyen mai BLL ce, galan 42 na Amurka, kusan lita 159, wannan a tsaye yake. Amma ganga nawa ce a tan ɗaya ya danganta da kaurin man, ana ɗaukar wajen 7.33 a matsakaici, mai sauƙi ya fi haka mai nauyi bai kai ba, sannan mai yana kumbura da zafi shi ya sa ake mayar da lissafin zuwa digiri 15 na Salshiyos ko 60 na Faranhait kafin a rubuta adadi. Bushel na Amurka BUA asalinsa ma'aunin cika ne amma a kasuwar Chicago nauyi ake nufi, alkama da waken suya laba 60, masara laba 56, kenan tan ɗaya na masara bushel 39 ne da ɗori na alkama kuma bai kai 37 ba. Dilar auduga a ƙididdigar Amurka laba 480 ce, a Indiya kilo 170. Buhun kofi a ƙididdigar duniya kilo 60.

Duk waɗannan in ka ga an yi maka farashi da su ka sa a rubuta adadin kilo a gefe cikin kwantiragin, da lambar da aka yi amfani da ita wajen sauyawa. Laba dai tun 1959 aka tsayar da ita a kilo 0.45359237, da ita za ka ninka, kar ka yarda da 0.45 a kaya mai yawa, a laba miliyan ɗaya wannan ɗan guntun da aka yanke ya haura kilo 3,500.

Injiniyan_Manhaja ya rubuta:

Sabon_Shiga abu ɗaya da za ka duba a fayil ɗin da suka turo, akwai layin farko na matsayi, inda ka ga D an daina ba da shawarar amfani da kod ɗin, inda ka ga X a wannan layin an cire shi gaba ɗaya, ka tace su ka fitar kafin ka fara zaɓa don tsofaffin kod na mazubi marasa X a gaba suna nan zube a ciki kuma su ne suka fi kama da abin da ido ya saba. Daga nan sai ka buɗe manhajarku wajen rajistar kaya ka liƙa wa kowane kaya kod ɗinsa sau ɗaya, garin sinadari TNE, tayil MTK, waya XRO ko MTR gwargwadon abin da odarsu ta ce, ka kulle gurbin kar mai cike inbois ya riƙa zaɓa da hannu. Ka fara tura musu na gwaji su tabbatar ya hau kan odar kafin ka tura na gaske.